Akwatin Takardun Gona na Kakana

Kakana ya rasu ranar Laraba da hantsi a gidansa na Tasawa, yana zaune a kan buzunsa, bayan ya sha kunu ya ce an cika masa tsamiya. Wannan ƙorafin shi ne maganarsa ta ƙarshe, kuma duk wanda ya san shi ba zai yi mamaki ba. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ya ba mu aron tsohon nan shekaru masu yawa, ya karɓi abinsa ba tare da ya kwantar da shi jinya ba.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika. 'Yan kabu-kabu sai sauke tsofaffi suke yi daga babura, wasu daga Mayahi, wasu daga Gidan Amumune, mutanen da ban taɓa gani ba amma kowannensu ya san inda randar ruwa take a zaure. Inna, mahaifiyata, ita ce babbar 'yarsa. Ta daure har aka fita da shi, sai da ta ga tabaransa mai ɗaurin zare a bakin taga sannan ta zauna a ƙasa. Kawu, wanda ba ya iya zama da shi minti goma ba su yi musu ba, shi ne aka riƙe a maƙabarta. Liman kuwa, amininsa tun suna samari, da aka dawo sai ya ce wa mutane, "Kullum shina cewa shi zai rigaye ni, ina ce mishi ƙarya ne. Yau ma shi ya ci gardamar."

Ni jikarsa ce ta fari. Tun ina goye yake ce mini Amarya, ni kuma in ce masa Tsoho, in ya ba ni haushi in ce na fasa, na samu saurayi mai haƙora. Ina da shagon buga takardu kusa da tasha, da injin fotokofi da ordinata, kwamfuta ke nan, da sikana, wato na'urar da ake kwantar da takarda a kanta ta ɗauki hotonta ta adana. Na yi kukana irin na jikoki, mata suna tsokanata wai na zama bazawara da rana tsaka.

Ran sadakar uku wata tsohuwa ta shigo, 'yar siririya, da kallabi baƙi. Ta gaishe da Inna, ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta tambaya wace ce jikar Malam mai na'ura. Aka nuna ni.

"Ɗiyata, daga Urafane nike," in ji ta. "Na san ba lokacin wagga magana ba ne. Amma ruwa ya kusa, ni kau ban da inda zan yi shibka."

Ta ba ni labarin a taƙaice. A shekarun fari ita da maigidanta suka yi kudu neman abinci, suka bar gonarsu amana a hannun maƙwabci, Tsoho ya rubuta musu takarda. Maigidan ya rasu a can, ɗansu ma ya bi shi, ta dawo gida bana da jikoki marayu uku. Maƙwabcin ya daɗe da rasuwa, ɗansa kuma ya ce gonar ta ubansa ce, ga takarda mai hatimin biro, wato ofishin hukuma. Sarki ya ce su dawo gabansa ran Litinin ta sama. Watan jiya ta zo ta ga Tsoho, ya ce ta kwantar da hankalinta, takardar tana cikin na'urar jikarsa, shi da kansa zai kai ta gaban sarki.

"Ba gaban nika so ba," ta ce. "Gaban, yaron ma shina da irinshi. Bayan nika so."

"Wane baya, Iya?"

"Bayan takardar mana. Inda anka rubuta amana ce, munka dangwala hannu."

Na ce ta ba ni kwana biyu. Amma na san abin da na yi. Shekara biyar da suka wuce na ɗauki takardun Tsoho kaf a sikana, kuma ban juya ko guda ɗaya ba.

Sai na faɗi ko wane ne shi, sannan a gane girman ɓarnata.

Tsoho marubucin takardu ne, irin waɗanda ke zama a inuwa gaban gidan waya da ɗan teburi da injin bugawa. Ya fara a Mayahi, daga baya ya dawo Tasawa. Ya yi lakwal, makarantar boko, 'yan shekaru, ya kuma sauke Alƙur'ani, saboda haka hannu biyu gare shi: Faransanci a inji, ajami da alƙalami da tawada. Mutum ne mai naci wanda zai sa ka yi da-na-sanin zuwa wurinsa da gaggawa. In mutum biyu suka zo da magana, sai ya saurara har ƙarshe, ya karkata kunne ya ce, "A sake hwaɗi, ban ji da kyau ba." Kunnensa ras yake. So yake kowa ya maimaita da bakinsa har sau uku, ya ga ko maganar za ta canja. In ta gona ce, ba ya taɓa inji sai ya hau kekensa ya je ya taka iyakar da ƙafarsa, ya ga gawon da aka ce da idonsa.

Inna ta sha ba mu labarin shekarun fari, lokacin tana yarinya. Gari ya watse, mutane suna wucewa kudu da tabarma a ka. Masu tafiya da yawa sukan bar wa Tsoho 'yan zangarnun hatsinsu na iri, ya rataye a rufin ɗakinsa, kowanne da ƙyallen shaida, don in sun dawo su shuka irin gonarsu. Yunwa ta kai gidanmu ma. Wata rana kakata, matarsa, ta miƙa hannu za ta sauke dami guda ta daka wa yara, ya riƙe mata hannu. Ta ce masa yaransa ne ke kuka, masu irin kuwa wa ya san ko suna da rai. Ya ce shi ma bai sani ba, shi ya sa ba zai taɓa ba. Ta yi kwana tara ba ta yi masa magana ba, shi kuma ya sayar da keken ya auno dawa. Daga nan ya koma taka iyakoki da ƙafa tun daga gida. Inna ta ce har kakata ta rasu, in an tuna zancen sai ta ce ita dai ba ta yarda ya yi daidai ba.

Abin da ban sani ba, Kawu ne ya faɗa mini da yammacin ranar da tsohuwar ta zo, da na ja shi gefe na tambaye shi. Bayan sojoji sun karɓi mulki an yi shela cewa gona ta mai noma ta ce. Shelar ta taimaki talakawa da yawa, amma ta tsorata masu gudun fari, don duk wanda ya bar gonarsa a hannun wani zai iya dawowa ya tarar ta zama ta wancan. Tsoho sai ya samo dabara. Yakan buga takarda da Faransanci cewa wane ne ke noman gona kaza, a kai biro a buga hatimi, mai noma ya riƙe abarsa don kada wani na uku ya ƙwace. Kwafin da ya fita a ƙarƙashin karbon, wata 'yar takarda shara-shara, shi yake ajiyewa. A bayanta yake rubuta ainihin maganar da ajami, masu gona da mai riƙo su dangwala yatsa.

Kawu ya ce wata rana wani soja daga biron kumandan, mai mulkin yankin, ya zo ya buɗe akwatin, don an kai ƙara cewa Tsoho yana ɓoye wa hukuma wani abu. Ya ɗaga takarda, ya juya, ya ga baƙaƙen larabci.

"Wannan fa mene ne?"

"Da sunan Allah na hwara, ranka ya daɗe," in ji Tsoho.

Sojan ya ɗauka addu'ar tsari ce, ya mayar da takardar da hannu biyu, har ya roƙi a rubuta masa irinta. Kawu yana ba ni labarin yana dariya, dariyarsa ta farko tun rasuwar. Ni ban yi ba. Na ce me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Ai kowa ya sani." Kowa na zamaninsu yake nufi. Ba wanda ya tuna cewa ni ba a haife ni ba.

Akwatin nan na ƙarfe ne, kore, yana ƙarƙashin gadonsa tun ina rarrafe. Kowace shekara bayan kaka sai ya fito da shi tsakar gida, ya shimfiɗa tabarmi, ya baza takardun, ya danne kowace da tsakuwa, ya zauna da sanda yana korar awaki da mu. In sun sha rana ya ɗaure su gari-gari, ya zuba sabon ganyen bedi, wato dogon yaro, ya rufe. Ya yi haka shekara da shekaru, ko da yawancin masu gonakin sun dawo sun karɓi abinsu. In aka ce ya zubar sai ya ce akwai waɗanda ba su dawo ba tukuna.

Da na buɗe shago na sayi sikana, sai na sa shi gaba. Idonsa ya fara yana, hannunsa na rawa, ni kuma ina ji da kaina, na je Maradi na koyo aiki. Na ce takarda gara ke ci, ruwa ke jiƙawa, abin da ke cikin ordinata kuwa ko jikan jikansa zai tarar.

"Amarya, abin da ba ni iya taɓawa da hannu, ƙaƙa zan ce na aje shi?"

"Kai dai tsoro kake ji na fi ka iya ajiya."

"Ke da ba ki iya aje miji guda ba, kullum kina sakina?"

Shekara guda muna wannan ja-in-ja. Ranar da ya kasa karanta rubutunsa da kansa, ko da tabarau, ya kira ni ya ce in zo da amalanke. Ya bi akwatin har shago, ya zauna a benci da sandarsa tsakanin ƙafafu, kwana shida yana zuwa yana sauraron kukan na'urar. Na ga rubutun bayan, ba zan ce ban gani ba. Kowace takarda da bismilla a sama, sai layukan ajami, ni kuwa karatun allona bai wuce na salla ba. Na ce a raina addu'o'in Tsoho ne, su za su ninka mini aiki. Abin da sojan ya ɗauka, shi na ɗauka, ni da nake cin tuwo a kwano ɗaya da mai rubutun.

Akwai abin da ya fi wannan. Takardun shara-shara ne, tawadar baya takan huda ta fito a gaba kamar dauɗa. A rana ta biyu na gano wani maɓalli da ke share duk wannan, ya bar bugun inji baƙi wuluk a kan fari tas. Na yi murna, na kunna shi, ban sake kashewa ba. Har na nuna wa Tsoho a allon ordinata, ya matso da fuska bai ga komai ba sai haske.

"Kin ɗauki duka?" ya tambaya ranar ƙarshe.

"Duka, Tsoho."

"Ba ki bar komi ba?"

"Sau nawa zan faɗa?"

"Sau uku," ya ce, ya yi dariya. Na faɗa sau uku.

Daga wannan shekarar bai sake shanya takardu ba. Ya ce ya huta, Amarya ta karɓi gadi. Damina biyu bayan haka Inna ta ja akwatin za ta yi shara, gindinsa ya zube. Tsatsa ta ci ƙarfen, gara ta shiga ta mayar da komai ƙasa. Muka yi cirko-cirko muna tsoron gaya masa. Da ya ji sai ya ce, "Ba komi. Suna wajen Amarya." Duk baƙon da ya zo gidan bayan nan sai ya ji labarin jikarsa da ta fi gara wayo. Ya rasu yana wannan alfahari da ni, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Washegarin zuwan tsohuwar na buɗe shago da sassafe, na hana kowa shiga. Ban san abin da nake nema ba, na dai kasa zama a gidan makoki ana yi mini sannu. Na nemo sunan maigidanta, na buɗe. Sai na ga takardar ba ta yi kama da sauran ba, duk ta yi dabbare-dabbare. Na tuna. Ƙunshin Urafane ne ke sama a akwatin, shi na yi ranar farko kafin wuta ta ɗauke, tun ban gano maɓallin ba. Dauɗar da na ƙi jini tana nan.

Na juya hoton kamar yadda madubi ke yi, don rubutun da ya huda a birkice yake fitowa. Na ƙara masa duhu, na ƙara girma, na buga a babbar takarda, na rufe shago na nufi gidan Liman. Na durƙusa na gaya masa komai, ban rage ba. Bai yi mini faɗa ba, ya ce in miƙo. Ya fita haske, ya sa tabarau, ya bi da yatsa, bugun injin yana ratsa layukan yana tare masa hanya. Ya daɗe.

"Hannunshi ne," ya ce. "Ba wanda ka jan wutsiyar baƙi hakanga sai shi. Rabi ya ɓace, amma abin da ya rage ya isa a karanta." Sai ya cire tabaran ya share ido da hannun riga.

Ran Litinin muka tafi Urafane tare, ni da Liman da Kawu. Zauren sarki ya cika. Ɗan maƙwabcin magidanci ne mai furfura a gemu, kuma ban ga alamar mugunta a tare da shi ba. Tun yana yaro yake noman gonar, ubansa ya rasu farat ɗaya bai bar wasiyya ba, abin da ya tarar a jakar uban ita ce takarda mai hatimi. Ya miƙa ta, aka karanta. Sannan sarki ya dube ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar ainihi gara ta cinye. Ni na ɗauki hotonta, kuma gaba kaɗai na ɗauka, bisa kuskurena. Wannan inuwar bayan ce da ta huda. In an ce ba ta isa shaida ba, laifina ne, ba na Iya ba."

Sarki ya ce Liman ya karanta abin da ya iya. Liman ya karanta a hankali, yana tsayawa inda ya ɓace yana cewa nan ban gani ba. Gonar da ke yamma da tsohuwar rijiya, amana ce, ba saye ba, ba kyauta ba. Ran da suka dawo, ko ɗansu, ko wata kalma da ta goge, a ba su. Sai sunayen shaidu biyu, dukansu sun rasu.

Wani daga cikin dattawa ya ce na'ura tana iya ƙirƙiro komai a zamanin nan. Gaskiya ya faɗa. Magidancin ya miƙa hannu a ba shi takardar. Ba rubutun ya duba ba, don shi ma bai iya ba. Ƙasa ya duba, inda tabo uku na yatsu suka fito dishi-dishi. Na tsakiyar yana da farin layi da ya raba shi biyu a karkace. Ya daɗe yana kallo.

"Wanga yatsan babana ne," ya ce. "Lauje ya tsaga mishi shi tun shina saurayi. Da shi yake shahwa mini kai." Ya miƙa wa sarki takardar, ya juya wajen tsohuwar. "Iya, ki yi shibka. Na riga na kai taki, na bar miki."

Ta rufe fuska da kallabi. Sarki ya sa aka yi fatiha, aka haɗa da Tsoho a ciki.

A waje ta kama hannuwana biyu tana sa mini albarka, har na ji kunya. Sai ta ce akwai wani ɗan'uwan maigidanta a Issawane, tare suka yi kudu, rana ɗaya Malam ya rubuta musu, jikokinsa suna cikin irin wannan rigimar. Za ta aika musu su zo wurina. Na so in yi shiru in bar ta da murnarta. Amma na ce, "Iya, kada ki aika tukuna. Bari in duba."

Na duba da muka dawo Tasawa. Ƙunshin Issawane a rana ta huɗu na yi shi. Sunan mutumin yana nan, da sunan mai noma, da iyakar gona, baƙi a kan fari, ba tabo ko ɗaya. Na buɗe na Gidan Amumune, na buɗe na Mayahi, duka haka suke, tsaf, yadda na so su. Ran kasuwa zan hau mota in je Issawane da kaina in gaya musu, in kuma tsaya gaban duk wanda za su kai ni in faɗi abin da ke bayan irin waɗannan takardu, ko da ba a karɓa ba.

Tsoho, ka ce in faɗa sau uku, na faɗa maka sau uku, kuma ban ɗauki duka ba. Ka yafe wa Amaryarka. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka makwanci, ya ba ka taka takardar a hannun dama.